Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Maganar Madogara a Nazarin Hausa

Akwai wata doka da ta shigo mana Sashe ba sallama, ta shimfiɗa tabarma ta zauna, har yau kuwa ban ji wanda ya tambaye ta daga ina take ba. Dokar ita ce ta rubuta madogara da manazarta bisa salon nan da ake kira APA. Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe ya san ta, domin da ita ake auna kundinsa, kuma da yawa daga cikin mujallun harshe da adabi na jami'o'in ƙasar nan sun shardanta cewa ba za su dubi maƙala ba sai an bi ta sau da ƙafa. Ga yadda take: sunan ƙarshe na marubuci, waƙafi, harafin farko na sunansa na yanka, shekara a cikin baka biyu, sunan littafi, sai maɗaba'a. In ka kuskura ka sa aya inda aka ce a sa waƙafi, jan biro ya hau kanka.

Kada wani ya yi mini gurguwar fahimta. Ban ce a daina faɗin inda aka samo magana ba. Wanda ya ɗebi aikin wani ya shafa wa kansa ɓarawo ne, ko da digiri nawa gare shi. Abin da nake ja da shi wani sharaɗi ne da ke cikin wannan salo, wanda ba a cika karanta mana shi a aji ba sai ranar da ya sare mu. Sharaɗin ya ce hirar da ka yi da mutum baki da baki ba ta da mazauni a jerin manazarta. Sai dai ka ambace ta a tsakiyar rubutu ka wuce, matsayinta ɗaya da wasiƙar aboki ko maganar da aka yi ta waya. Hujjarsu ita ce mai karatu ba zai iya komawa ya same ta ba.

To, su wa suka kafa wannan doka, don wa kuma? Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ce mai ita. Asalinta wata 'yar maƙala ce mai shafi 7 da aka buga a 1929, don a daidaita wa masu aiko da rahoton gwaje-gwaje hanyar rubutu. Ta yi ta kumbura har ta zama littafi, bugu na bakwai ya fito a ƙarshen 1919 da ɗari, watau 2019. Dabarar sa suna da shekara a cikin baka kuwa ta girmi haka, ana jingina ta ga wani masanin dabbobi na Jami'ar Harvard, Edward Mark, a wani aikinsa na 1881. Su a fagensu wannan dabara ta yi daidai. Mai gwaji a ɗakin bincike yana son ya ga shekara tun da wuri, don gwajin bana yana iya rushe na bara, kuma duk abin da ya dogara da shi a rubuce yake a ɗakin karatu. Mu fa? Mu a wajenmu sau da yawa tsohuwar magana ta fi sabuwa kusa da tushe, kuma rabin abin da muke nazari ba a kan takarda yake ba, a ƙirjin mutane yake. An ɗinka riga don wani, an ce mu ma sai mun sa. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Bari in kawo misali daga gida. Ni mutumin Roni ne, a ƙasar Kazaure, kuma aikin da nake yi a kan waƙoƙin niƙa da na daɓe ne na matan ƙasarmu. Waɗannan waƙoƙi suna bakin kabari. Injin niƙa ya kori dutse da ɗansa, siminti ya kori madaɓi, aikin da ke ɗauke da waƙar ya tafi, ita ma tana bin sa. Yarinyar da aka haifa bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 da wuya ta iya jera maka baiti uku. Waɗanda suka rage da su tsofaffi ne, a cikin gidaje, a Roni da Amaryawa da ƙauyukan da ke kewaye da duwatsu. Hutu biyu na yi ina bin su, ana yi mini iso, ina durƙusawa ina gaisuwa. Wata daga cikinsu, da na tambaye ta wa ya koya mata, cewa ta yi, "Ɗan nan, wajen kishiyar uwata na ji, ita kuma ta ce a gidan ubanta ta taso da ita." Ban tambaye ta salsala ba, ita ta ba ni da kanta, domin ta san magana ba ta tsayuwa ba ƙafa.

Na tsara 'yar maƙala daga cikin aikin, na aika wa wata mujalla, na jera sunayen matan nan a ƙarshe bisa yardarsu. Da takardar ta dawo, sai na tarar mai tacewa ya ja layi ya soke jerin gaba ɗaya, ya rubuta a gefe cewa salon mujallar bai yarda da shi ba. Abin da ya rage a manazarta littattafai ne guda biyar, waɗanda babu ko ɗaya a cikin marubutansu da ya taɓa jin waƙar daɓen Roni. Duk wanda ya buɗe shafin ƙarshe don ya ga daga ina ilmin ya fito zai ga sunayen waɗanda na ɗan jingina da su, ba zai ga na waɗanda suka ɗauki kayan ba. Wannan ai shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba yau aka fara ba. Tarihin nazarin Hausa cike yake da irin wannan, kuma mu da kanmu muke sabunta shi kullum muka rubuta manazarta. Ɗauki littafin Magana Hausa na 1885. Kowane ɗalibi zai rubuta "Schön, 1885" ya wuce. Alhali kuwa shi Schön, ɗan mishan Bajamushe, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Babban rabo na Hausar da ke cikin littafin daga bakin Dorugu ta fito, yaron nan na ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi a Barno, ya bi Barth har Ingila a 1855, ya zauna yana ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi ana rubutawa. Ya dawo gida, ya ƙare kwanakinsa a Kano a 1912. Sai a 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin nasa da Turanci a matsayin tarihin rayuwarsa shi kansa. Amma a jerinmu har gobe harafin "S" ne gidan maganarsa.

Ɗauki Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, wanda aka buga tsakanin 1911 da 1913. "Edgar" muke rubutawa. Malamai ne suka rubuta su da ajami, yawanci a ƙasar Sakkwato, Razdan Burdon ya tara ya miƙa wa Frank Edgar, shi kuma ya mayar da su boko. Ɗauki littafin Rattray na 1913, wanda Malam Shaihu ya rubuta masa da hannunsa a ƙasar da yau ake kira Gana. Ɗauki Alhaji Umaru na Salaga da Karaci, wanda ya rasu a 1934, malamin da ya cika wa Mischlich takardu da bayanin sarautu da sana'o'i da al'adun ƙasar Hausa. Ɗauki Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950. Ita an ma yi mata adalcin sa sunanta a kan littafin, duk da haka a manazarta "Smith, 1954" ce. Mafi ban takaici shi ne ƙamus ɗin Abraham. Bugun farko na 1949 da suna biyu ya fito, Abraham da Malam Mai Kano. Da aka sake buga shi a 1962 sai ga sunan Abraham shi kaɗai. Je ka duba kundayen da ke jibge a ɗakin karatu na Sashe, ka ƙirga mini nawa ne suka san da Malam Mai Kano.

Ba zagin waɗannan Turawa nake yi ba. Da ba su tara ba, da abubuwa da yawa sun salwanta, wasunsu ma sun gode wa malamansu a gabatarwa. Amma gabatarwa ba ta bin magana zuwa littafi na gaba. Jerin manazarta shi ke bin ta, shi ake kwafa, shi ake ƙirgawa in za a yi wa malami ƙarin girma.

Har tarihin ƙasarmu ta Kazaure haka abin yake. In ɗalibi zai faɗi yadda Ɗan Tunku ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a bayan 1819, da yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, da yadda ɗansa Dambo ya zaunar da sarauta a Kazaure, sai ya ruga ga Gowers na 1921 ko ga Hogben da Kirk-Greene na 1966. Nan take malami zai gamsu, an kawo madogara mai ƙarfi. Amma daga ina jami'an mulkin mallaka suka samo irin waɗannan labarai? Ba a gabansu aka yi yaƙin ba. Fadawa da alƙalai da dattawan gari suka zaunar, tafinta yana juyawa suna rubutawa. Ashe maganar baka in ta bi ta hannun Joji ta shiga fayil sai ta zama hujja, in kuwa jikan wanda ya faɗa wa Jojin ne ya faɗa mini ita yau, sai ta zama hirar da ba ta isa shiga jeri ba. Jama'a, wane irin ma'auni ne wannan?

Sai ka ce ba mu gaji wata hanya ba. Tun kafin a san akwai ƙasa wai ita Amurka, malaman hadisi sun kafa ilmin isnadi: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har tushe. Ba su tsaya nan ba, sai da suka kafa wani fanni sukutum na bincikar masu ruwayar kansu, wa ke da riƙo, wa ke da mantuwa, wa ya yi zamani da wa, shin sun ma haɗu kuwa. Imamu Buhari ya rasu a 870, shekara dubu da 'yan kai kafin maƙalar 1929. A nan ƙasarmu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Asanidul Faƙir don ya nuna hanyoyin da ilminsa ya biyo, ƙanensa Abdullahi kuwa ya rubuta Ida'un Nusukhi ya jera malaman da ya yi karatu wajensu da littattafan da ya sauke a gaban kowannensu. Mawaƙanmu na ajami sukan rufe waƙa da sunansu da na mahaifinsu, su ɓoye shekarar Hijira a cikin ramzi, mai kwafe kuma ya sa nasa sunan a ƙasa. Almajirin zaure har yau in ya kawo mas'ala sai a ce masa, "A ina ka gani, wajen wa ka ji?" Mutanen da ke da wannan gado ne za a koya wa faɗin tushen magana da waƙafi da aya?

Gwada ma ka zuba irin waɗannan ayyuka a cikin ƙwaryar APA ka ga yadda take tsiyaya. Waƙar Tabbat Haƙiƙa Shehu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Sunan wa za ka sa gaba, wace shekara kuma? Yawancin ɗalibai sukan kuɓutar da kansu ta hanyar rubuta sunan wanda ya buga ta a boko, shi ke nan mutum uku sun ɓace a layi ɗaya.

Ga kuma maganar suna. Salon ya ɗauka kowa yana da sunan dangi da ake gada, wanda ya fi sunansa na yanka muhimmanci. Mu ba haka muke ba. Sunan ƙarshe a wajenmu ko na uba ne, ko na gari, ko laƙabi. Malam Aminu sai ya koma "Kano, A.", Sa'adu ya koma "Zungur, S.", Mu'azu ya koma "Haɗeja, M." Sarkin Musulmi Bello da Sardauna su jeru a matsayin "Bello, M." da "Bello, A." kamar wa da ƙane. "Muhammad, A." kuwa, a jami'a ɗaya ma sai ka tara cikin mota. Ni kaina in Allah ya sa na yi littafi, "Roni" zan zama da harafi ɗaya a gefe, tare da duk wani ɗan garinmu da ya taɓa riƙe alƙalami. Daɗin daɗawa, manhajojin kwamfuta da ake tsara jerin da su sukan cinye ƙugiyar haruffanmu, Ɗangambo ya wayi gari Dangambo. Bugu na bakwai kuma ya ce a daina sa garin da aka buga littafi, alhali littattafan Hausa da yawa, musamman na kasuwar Kano, marubucin ne ya kai wa mai injin ɗab'i da kuɗinsa, sunan garin shi ne kaɗai zaren da mai nema zai kama.

Na san abin da malamaina za su ce, Allah ya gafarta musu, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce in an buɗe wannan ƙofa, ƙarya za ta shigo. Gaskiya ne. Kowa ya san akwai ɗaliban da ke zama a ɗakin kwana su ƙagi "wani dattijo mai shekara 80" su sa masa magana a baki, ba su taɓa hawa motar ƙauye ba. Waɗannan su suka zubar wa hira da mutunci, kuma bai kamata ƙungiyar nan ta rufa musu asiri ba. Amma in tambaya: littafi ya tsira daga wannan? Ba mu ga masu kwafe manazartar tsohon kundi ɗungurungum ba, har da kurakuran buga ta, littattafan da ko bangonsu ba su gani ba? Yanzu ma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun zo, suna iya ƙaga maka sunan marubuci da mujalla da lambar shafi, kowane waƙafi a mazauninsa, alhali babu maƙalar a duniya. Irin wannan jeri zai wuce gaban mai duba aya da waƙafi lami lafiya. Tsohuwar Amaryawa kuwa tana nan da ranta, kuɗin mota kaɗai ke tsakaninka da ita.

Za su kuma ce ai tsohuwa mutuwa take yi, littafi ba ya mutuwa. Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, amsarta kuwa aiki ce. A ɗauki murya, a adana. A da sai an nemi rikoda da kaset da batir, yau wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa. Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Kano sun daɗe da nuna cewa ana iya tara irin waɗannan kaya a ajiye. Me zai hana kowane Sashen Hausa ya buɗe tasa taskar, ɗalibi ya miƙa muryoyin da ya ɗauka tare da kundinsa, a ba kowace lamba? In aka yi haka, hujjar "ba za a iya komawa a samu ba" ta faɗi, har bisa dokar su masu salon, domin su ma sun yarda abin da aka ɗauka aka adana yana shiga jeri.

Akwai wata hujjar da ba a cika kawowa ba, ni zan kawo ta da kaina. Ba kowa ke son a buga sunansa ba. Waƙar niƙa cike take da habaici ga kishiya da uwar miji, labarin asali kuma yakan taɓo bauta, abin da har yau ke hana aure a wasu gidaje. Biyu daga cikin matan da na yi hira da su sun ce kada in sa sunansu, ban kuwa sa ba. Amma bambanci ne babba tsakanin mace ta ce a sakaya ta, da a soke sunan wadda ta ce a sa, don kawai wani littafin dokoki bai tanadar mata layi ba.

Kada kuma a ce ai haka duniyar ilmi take, ba yadda za mu yi. Ba haka take ba. Mujallun tarihin Afirka da ake bugawa a Ingila da Amurka da tushen bayani na ƙasan shafi suke aiki, inda ake rubuta sunan wanda aka yi hira da shi da gari da rana, tun bayan da Jan Vansina ya fitar da littafinsa a 1961 ya nuna yadda ake tace maganar baka a kafa tarihi da ita. A Kanada, wata ma'aikaciyar ɗakin karatu 'yar ƙabilar Cree, Lorisia MacLeod, ta ga ana yi wa dattawan mutanenta irin abin da ake yi wa namu, ta zauna a kwalejin NorQuest ta tsara yadda za a sa su a jerin manazarta, ta buga bayanin a 2021, makarantu da dama suka ɗauka. Ba ta jira izini daga Washington ba. Mu da muke da kundayen magabata a Sashe masu shafi guda na "mutanen da aka yi hira da su", mu ne muke yar da namu a daidai lokacin da wasu ke ƙirƙiro irinsa.

Saboda haka ga abin da nake nema, daga wannan mujalla tamu tukuna, tun da ita ce muke da iko da ita. A rubuta cikakken sunan marubuci yadda aka san shi, a bar yanka shi zuwa harafi. A mayar da sunan gari. A rubuce-rubucen ajami a ambaci mai waƙa da mai fassara da mai kwafe, da shekarar Hijira in akwai. Wanda aka ɗauko ilmi daga bakinsa, in ya yarda, a sa shi a jeri ɗaya da masu littattafai bisa tsarin haruffa, ba a rataye can baya ba: sunansa da na mahaifinsa, sana'arsa, kimanin shekarunsa, garinsu da unguwarsu, wajen wa ya ce ya ji, ranar da aka yi hirar, da inda aka ajiye muryar. In an ambaci Magana Hausa a sa Dorugu, in an ambaci ƙamus ɗin 1949 a sa Malam Mai Kano. Ina roƙon Edita da 'yan kwamitinsa su sa wannan a ajandar taron ƙungiya mai zuwa, a gayyaci malaman da ke duba kundaye su zo su faɗi tasu, ni kuma zan zo da muryoyin matan Roni guda tara da suka yarda a ji su, mu fara buɗe taskar da su.